Akwatin Baffan Teku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa, ƙanin mahaifina, ya koma ga Mahaliccinsa a tsakiyar daminar nan bayan 'yar gajeriyar jinya. An kai shi makwancinsa kafin in iso daga Kaduna, domin sai da na jira ayarin motocin da ake yi wa rakiya zuwa Birnin Gwari. Na tarar da ƙofar gida shimfiɗe da tabarmi har bakin titi, cikin gida kuwa ba masaka tsinke.

Abin da ya fara sa ni dariya cikin kuka shi ne, duk taron nan ba a sami mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya a kan sana'ar mamacin ba. Wata tsohuwa daga Tsohon Birnin Gwari ta kama hannuna ta ce, "Allah ya jiƙan masunci." Ta kusa da ita ta ce ai ba masunci ba ne, matuƙin jirgin ruwa ne. Wata kuma ta ce ita dai ta ji likitan kifi ne, ko da yake ba ta taɓa jin inda aka kwantar da kifi a asibiti ba. Gwaggo, babbar yayarsu, tana jingine da bango tana jin su, sai ta ce, "Ku daina wahalar da kanku. Ni na goya shi, kuma har ya bar duniya bai iya iyo ba. Yaron da ko bakin kogin Mariga aka je sai ya riƙe mini zani, wai shi ne ya ƙare a teku." Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, muka taya ta.

Akwai wasu mata daga Kakangi da suka zauna gefe guda, ba su shiga wannan gardama ba. Su abin da suka sani, lokacin da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauyensu, shi ya buɗe musu ɗakunan bayan gidansa, kuma bai taɓa tambayar ranar da za su tashi ba. Ɗaya daga cikinsu ta ce mini, "Ko teku yake aiki ko tudu, mu dai ubanmu ne ya mutu."

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba, shi ne Baba, mahaifina. Yana zaune a kan tabarmar farko yana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya ce marigayi mutumin kirki ne, sai Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya yafe masa." Na ɗauka nauyin rashi ne kawai.

Shi Baban ne ya ce in rubuta wannan, ya kuma ce kada in rage komai don in kare shi. To, ga abin da ya faru. Baba ya binne ƙaninsa yana ganin mashayin giya ya binne. A ranar kuma ya shiga ɗakin Baffa ya ɗauke wani akwatin ƙarfe ya ɓoye shi, don ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Aikin rayuwar Baffa gaba ɗaya yana cikin wannan akwati.

Sai na faɗi ko wane irin aiki ne, tunda masu makoki sun kasa. Baffa ya yi karatun halittu, aiki ya kai shi kudu, bakin teku, ya zauna can har furfura ta rufe masa kai. Shi ya sa yaran gidanmu suke kiransa Baffan Teku. Dabbobin da ya bi su ne dolfin, da manyan 'yan'uwansu da ake kira wel, irin wanda mutanenmu ke tunawa in an zo ƙissar Annabi Yunusa. In kana son ka ga ɓacin ransa, ka ce musu kifi. Ko yana tsakiyar cin tuwo sai ya ajiye loma. "Ba kifi ba ne! Haihuwa suke yi, uwa ta ba ɗanta nono, su leƙo sama su shaƙi iska kamar ni da kai. Ka san ayu? To, kamar shi." Mutane sun gane wannan lagon nasa, har da gangan suke tsokanarsa a majalisa, shi kuma kullum sai ya hau.

Ni sunan kakarmu aka sa mini, saboda haka da shi da Baba duk Uwata suke ce mini. Bayan na gama makarantar koyon aikin jinya na je masa hutu, ya ce sai na ga inda yake neman abincinsa. Muka shiga kwalekwale mai inji a inda wani kogi yake zuba a teku. Har gobe in na tuna shigarsa sai na yi murmushi: doguwar riga, a kanta ya ɗaure rigar kariya tamau har tana shaƙe shi, carbi a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya damƙe gefen jirgi. Masuntan wurin sun saba da shi, suna ta yi masa dariya da yarensu, shi ma yana ramawa da ɗan abin da ya iya.

Amma da dabbobin suka ɓullo, sai tsoron ya bar shi. Ya miƙe tsaye a jirgin da yake ta rawa, ya ɗauko wani baka da ake saitawa kamar bindiga. Kibiyar tana da ɗan rami a baki, in ta taɓa bayan dabbar sai ta ɗebo tsoka kamar ƙwayar shinkafa, ta faɗo ta yi ta yawo a kan ruwa har a ɗauko ta. Ya ce tun yana yaro ya koyi saiti wajen maharban Gwarawa a dajinmu, bai san ranar amfaninsa a teku take ba. Kafin ya saki kibiya sai ya yi bisimilla, bayan ta taɓa kuma ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, don ke nake yi." Ya san su ɗaya bayan ɗaya ta tabon da ke jikin ƙusumbin bayansu. Ya nuna mini wata tsohuwa mai yagaggen ƙusumbi, ya ce duk wannan garken jikokinta ne da 'ya'yanta.

Na ce, "Baffa, ta yaya ka sani? Ta gaya maka ne?"

Ya ɗaga 'yar kwalbar roba da bai fi ɗan yatsa ba, wadda ya jefa tsokar a ciki. "Ta gaya mini mana, Uwata. A cikin kowace tsoka akwai rubutun da Allah ya yi, wanda uwa da uba suke bar wa ɗa. Ƙwayoyin halitta ke nan da aka koya miki. In ka iya karanta shi za ka san wa ya haifi wa, wane garke yake auratayya da wane, wane ne kuma aka datse masa hanya ya rage shi kaɗai yana auren junansa har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya rage shi kaɗai, shi ake gaggawar karewa."

Haka ya yi ta tarawa. In raga ta kama dolfin ya mutu, masunta su aiko masa. In teku ta turo gawar wel bakin gaɓa, ya bar abin da yake yi ya ruga, ya kutsa cikin masu wuƙaƙe da kwanuka yana roƙon a bar masa ko kamar farce. Wata shekara wutar lantarki ta daɗe ba ta dawo ba, duk abin da ya tara a firjin wurin aikinsu ya ruɓe. Inna, matarsa, ta ce ranar ta fara ganin hawayensa. Tun daga nan kowace tsoka sai ya raba ta biyu, rabi a firji, rabi a cikin sifirit, ruwan magani mai ƙarfi wanda ba ruwansa da wutar lantarki. Da ya yi ritaya ya dawo gida, wannan rabi na biyun ya jero a akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, ya taho da shi. Zafin garinmu yana shanye sifirit, saboda haka lokaci lokaci sai ya kulle kansa a ɗaki, ya ɗauko jarka, ya bi kwalaben yana ƙara musu. Yana kulle ƙofar ne don yara, da kuma tsoron gobara.

Bai bar wannan ilimi a teku ba, har mu ya bi da shi. Na tuna rigimarsa da Gwaggo lokacin da za a haɗa jikanta da wata 'yar dangi, su yaran ma suna son juna. Aka ce Baffa ne waliyyi. Ya ce ya karɓa, amma sai an yi gwajin jini tukuna. Gwaggo ta ɗaura gyale ta same shi har zaure.

"Kai, mu za ka mayar kifayenka? Uwarka da ubanka wa ya gwada su?"

"Ba kifi ba ne, Yaya," in ji shi, don ko a cikin faɗa ba ya barin wannan ta wuce. "Uwata da ubana kuwa 'ya'ya nawa suka binne kafin a yaye su? Ke kika fi ni sani."

Aka yi gwaji, ya nuna dukansu biyu suna ɗauke da sikila. Auren bai yiwu ba. Gwaggo ta yi kaka guda ba ta amsa gaisuwarsa, shi kuma bai fasa zuwa gaishe ta kowace Juma'a ba, ya durƙusa ya yi gaisuwarsa ya amsa wa kansa ya tashi. Ranar da ta huce, fura kawai ta aika masa.

Akwai kuma wadda duk unguwa yanzu ake kira Dakta. Mahaifinta malamin makaranta ne, Kirista daga kudancin Kaduna, maƙwabcinmu tun kafin a haife ni. Baffa ya zo hutu ya ga yadda take son ilimin halittu, ya yi ta bin mahaifinta har ya yarda ta bi sahunsa. A gidansa na kudu ta zauna ta yi karatu, Inna ta riƙe ta kamar 'yar cikinta. Yau ita take riƙe da aikin da ya bari.

Zuwana na ƙarshe kafin rasuwarsa ya kira ni ɗakinsa ya nuna mini akwatin a ƙarƙashin gado. Ya ce ana shirin yashe bakin kogin nan da ya kai ni, don manyan jirage su riƙa shiga, garken tsohuwar nan kuma ya ragu ƙwarai. In Dakta ta iya nuna cewa su zuriya ce daban wadda babu irinta a wani wuri, akwai fatan a bar musu wannan ɓangaren ruwa. Amma ba za ta iya ba sai ta gwada na yanzu da iyayensu da kakanninsu. Rabin da ya bari a firji ya sake lalacewa bayan tahowarsa. Na ƙarƙashin gadon nan ne kaɗai ya rage a duniya.

"Ta ce za ta zo da kanta in hanya ta yi sauƙi," in ji shi. "In ta Allah ta kasance kafin nan, Uwata, ki damƙa mata hannu da hannu."

Saboda haka da na sami sarari a zaman makoki, na karɓi mabuɗi wajen Inna na shiga ɗakin. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado. Babu akwati, babu jarka, sai shatin inda suka zauna. Na koma wajen Inna, ta ce babu wanda ya shiga sai Yaya, wato mahaifina, da ya je ɗauko likkafanin da marigayi ya tanada.

Na jira Baba ya shigo alwala, na durƙusa na tambaye shi. Bai dube ni ba.

"Babu wani akwati."

"Baba, ni na gan shi da idona, shi ya nuna..."

"Na ce babu. Ki bar maganar nan, Uwata, in kina ƙaunarsa."

Ban taɓa jin mahaifina ya yi ƙarya ba, kuma na san wannan ƙarya ce. Na rasa inda zan sa raina. Ga amana a wuyana, ga uba da ba a ja da shi, ga gida cike da baƙi. Na ji haushinsa ƙwarai, har na zargi ko ya raina aikin ƙaninsa ne ya watsar a juji.

Ranar addu'ar uku Dakta ta iso, ta sha hanya, ƙafafunta a kumbure. Ta faɗa jikin Inna suka yi kuka mai isarsu. Da ta natsu na ja ta gefe na gaya mata. Sai ta ce, "Mu je in gaishe da Baba."

Bayan azahar muka same shi a ɗakin da yake hutawa. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, ya haƙuri? Allah ya ba Malam hutawa."

"Haƙuri sai ma'abocinsa, 'yata. Kin sha hanya. Ya iyayenki?"

"Suna gaisuwa. Baba, akwai ajiyar Malam da na zo karɓa. Akwatin ƙarfe ne, da jarka a gefensa."

Baba ya ɗago kai a hankali. "Ke ma kin san da shi?"

"Na sani, Baba. Ai ni nake aiko masa da abin da ke cikin jarkar."

Ban taɓa ganin fuskar mahaifina ta canza haka ba. Ya ce, "Ke? Ke kike aiko masa? Mutumin da ya ɗauke ki kamar 'yar da ya haifa, ya ci da ke ya sha da ke, da abin da za ki saka masa ke nan? Shekara da shekaru ina neman wanda yake kawo masa wannan masifa, ashe a gindina yake."

Dakta ta dube ni, ba ta gane ba. Ni kuwa a take na gane. Warin sifirit ya zame mini jiki a asibiti har ba na jin sa. Ban taɓa tunanin yadda yake a hancin dattijon da bai san shi ba sai a bakin masu tangaɗi a bayan tasha.

Na ce, "Baba, giya ka ɗauka?"

"Kada ki ambaci sunanta a gidan nan, ana zaman makokinsa."

Dakta ta dafe ƙirji. "Wayyo, Baba! Malam? Malam da ko a taron Turawa ruwa kawai yake sha? Sifirit ne, irin wanda ake goge wurin allura, sai dai ya fi ƙarfi. A ciki ake jiƙa tsokar dabbobin nan don kada ta ruɓe."

"Wace tsoka?"

"Wadda ke cikin kwalaben. Ba ka gani ba?"

Bai gani ba. Ya ce ya ɗaga murfin ne kawai, warin ya buge shi, ya ga ƙananan kwalabe jere reras da farin ruwa, ya ɗauka irin waɗanda ake sawa a aljihu ne. Ya mayar da murfin da sauri don kada wani ya shigo.

Can Dakta ta yi ƙarfin hali ta yi tambayar da nake tsoro.

"Baba, ka zubar?"

"Jarkar na tuttular. Kwalaben ban buɗe ko ɗaya ba, ban so abin ya taɓa mini hannu. Na naɗe akwatin a leda da buhu na binne shi yadda yake."

"A ina?"

"A gonar mahaifinmu."

Na ce, "Inna lillahi!" Gonar nan tana kan hanyar Randagi, a bakin daji. An daina noma ta tun da aka fara ɗaukar mutane a wannan yanki, ko samari majiya ƙarfi ba sa zuwa. Ashe ranar da aka yi jana'iza, da la'asar, tsohon nan ya ce zai je ya dawo, ya ɗaure akwati a bayan babur ya nufi can shi kaɗai. Ya ce ya zaɓi wurin ne saboda ya san babu mai zuwa ya yi tono.

Washegari da safe ya fito da fartanya. Na roƙe shi, Gwaggo ta yi masa faɗa, samarin gida suka ce su za su je ya kwatanta musu wurin. Ya ce ba zai tura ɗan kowa inda shi ya kai kansa ba, kuma ko ya kwatanta ba za su gane ba. Ya tayar da tsohon babur ɗinsa ya tafi. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo. Na zauna a tsakar gida ina ta zargin bakina. In aka ɗauke mahaifina saboda wasu dabbobin da bai taɓa gani ba, me zan ce wa kaina? Dakta tana gefe tana addu'a irin tasu, Gwaggo tana jan carbi tana yi wa taurin kan 'yan'uwanta maza tsiya, na raye da na mace.

Rana ta kusa tsaka muka ji ƙarar babur. Ya dawo, taɓo har gwiwa, akwatin ɗaure da roba a baya. Na ɗauka zai shigo da shi ta ƙofar baya. Sai ya sauke shi a ƙofar gida, a tsakiyar tabarmin maza, ya aiko a kira Dakta. Ni ma na bi ta na tsaya a bakin zaure.

Ya kwance buhun da hannunsa, ya ɗaga murfi. Warin ya tashi, na ga dattawa suna duban juna.

"To, kun ji," in ji Baba. "Wannan warin na ji a jikin ƙanina tun da ya dawo garin nan. Na yanke masa hukunci a zuciyata, ban tambaye shi ba ko sau ɗaya. Na ce ina rufa masa asiri ne. Ku shaida, ƙanina bai taɓa shan abin da Allah ya hana ba. Maganin aikinsa ne. Ni ne na zalunce shi." Ya juya ga Dakta. "'Yata, ke ma na zarge ki jiya, ki yafe mini. Duba ki gani ko na yi ɓarna."

Ta durƙusa tana ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya tana duba su a hasken rana. Ruwa bai shiga ba, murafan suna nan a ɗaure. A cikin kowace akwai 'yar tsoka fara da guntuwar takarda mai rubutun fensir, hannun Baffa. Hawaye yana zuba a fuskarta ta ce, "Suna nan lafiya, Baba. Duka suna nan."

Baba ya miƙa hannu ya karɓi ɗaya, ya kawo ta kusa da idonsa. "Wannan ɗin ta wace ce?"

Ta karanta. "Wata tsohuwa ce, Baba. Ta daɗe da mutuwa. Wannan ta kusa da ita 'yarta ce."

"Akwai sauran zuriyarta?"

"Abin da za mu je mu gano ke nan."

Ya mayar da kwalbar gurbinta da hannu biyu. Dakta ta tafi da akwatin a ayarin da ya biyo baya, ta rungume shi a cinya har Kaduna. Tana can tana aikin, ban san yadda za ta ƙare da masu yashe kogi ba, amma abin da Baffa ya tara ya isa hannun da ya so.

Kafin tafiyarta, a wannan ranar dai, bayan la'asar, Baba ya shigo cikin gida ko wanka bai yi ba. Ya wuce kai tsaye ƙofar ɗakin da Inna take takaba, ya tsuguna a waje, labule tsakaninsu.

"Hajiya, na zo neman gafara. Shi ya tafi, ba ni da inda zan same shi, ke kika rage."

"Haba Yaya, tashi. Me ya yi zafi?"

"Kin san tun muna yara kwano ɗaya muke ci da shi. Da ya dawo ma haka muka ci gaba, a zaurensa. Ranar da na fara jin warin nan a hannunsa, na kasa haɗa hannu da shi a kwano. Na ce masa likita ya ce hawan jini gare ni, an hana ni gishiri, zan riƙa cin nawa a gida. Ba ni da hawan jini, Hajiya. Ban taɓa yi ba." Ya matso kusa da labulen. "Ina so ki gaya mini gaskiya. Ya gane?"

Inna ta amsa a hankali.

"Bai gane ba, Yaya. Ya yarda da kai. Tun daga ranar ya ce in daina sa gishiri a miyarsa. Na ce ai kai lafiyarka ƙalau, ya ce a'a, wata rana Yaya zai biyo, kada ya tarar da abin da ba zai iya ci ba. Haka yake cin ta lami, kullum, har ya kwanta ciwo."

Baba ya dafa ƙasa zai tashi ya kasa, sai da ni da Gwaggo muka kama shi.

Ya Allah, ka jiƙan Baffa, ka yalwata masa kabarinsa, ka saka masa da tausayin da ya yi wa bayinka na tudu da na ruwa. Ka ba mahaifina ikon ɗaukar abin da ya ji, ka haɗa su a inda za su sake zama a kan kwano ɗaya. Amin.